Yadda aka zo duba haɗarin gobara a wurin aikinmu, da aikin da ya biyo baya

Ni ke kula da wani gini mai ƙasa da sama, ƙasan wurin buga takardu ne, akwai injinan bugu guda uku da injin yanka da sito, saman kuma ofisoshi ne sai wani babban ɗaki da muka bada haya ana koyar da kwamfuta da yamma. Shekara shida ina wannan aikin kuma wallahi in da wani ya tambaye ni a lokacin ko ginin nan yana da kariya daga gobara zan ce masa eh ba tare da na yi ko ɗar ba, saboda muna da tukwanen kashe gobara guda takwas rataye a bango, kuma duk shekara akwai mai zuwa ya duba su ya liƙa takarda.

Abin ya faro ne daga kamfanin inshora. Lokacin sabunta yarjejeniya yayi sai suka rubuto cewa suna son ganin rubutaccen rahoton binciken haɗarin gobara na ginin, wanda ƙwararre ya yi, in ba haka ba ba za su sabunta ba. Maigidan ya turo min takardar yace in san yadda zan yi kafin ƙarshen wata. Toh ni a tunanina maganar tukwane ce, sai na kira mai duba su ya zo ya sake dubawa, na sa aka share ko'ina aka goge jajayen tukwanen nan suna ta ƙyalli, na zauna ina jiran ranar.

Wanda ya zo dattijo ne, ya daɗe yana aikin kwana-kwana kafin ya ajiye ya koma wannan sana'ar. Ba wasu kaya ya zo dasu ba, tocila ce da tef na awo da allon rubutu sai wayarsa da yake ɗaukar hoto. Muka gaisa nace Malam bismillah ga tukwanen can mu fara da su, yace a'a Manaja, su ne na ƙarshe, zauna tukuna. Tambayar farko da ya min ita ce, in wuta ta tashi a ginin nan yau, sunan wa za a kira a ce shi ke da alhaki? Nace ai maigida ne. Yace maigida yana zuwa kullum? Nace a'a sai ya yi wata bai leƙo ba. Yace wa ke riƙe da makullai, wa ke cewa a ajiye kaya nan ko can, wa ke kiran mai gyaran wuta? Nace ni ne. Yace toh ku biyu ne, shi nasa kason, kai naka, kuma mai hayar ɗakin sama shima yana da nasa, dole ku ukun ku san inda alhakin kowa ya tsaya. Ya bani misali da Ingila da Wales, inda dokar kariya daga gobara ta 2005, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Oktoba 2006, ta ɗora nauyin akan wanda ke da iko da wurin, ba wai hukumar kashe gobara ce za ta zo ta baka takardar shaida ka rataye ka kwanta ba, kai ne za ka bincika wurinka ka gyara, su kuma su zo su duba ko ka yi. Da can sai mai ma'aikata biyar ko fiye ne dole ya rubuta sakamakon, amma daga 1 ga Oktoba 2023 kowa dole ya rubuta cikakke ko da ma'aikaci ɗaya gare shi, kuma wanda ya yi sakaci mai tsanani ana iya cinsa tara mara iyaka ko ɗaurin da ya kai shekara biyu. Yace kowace ƙasa da tata dokar, amma tsarin matakai biyar ɗin da suke bi a can shi yake amfani da shi saboda ko ina ka kai shi yana aiki, a gano abin da zai iya tada wuta, a gano waɗanda za ta iya rutsawa da su, a auna a cire ko a rage haɗarin, a rubuta a shirya a koyar da mutane, sannan a riƙa dawowa ana sake dubawa.

Ya nemi takardu, yaushe aka duba wayarin ɗin ginin gaba ɗaya, ina rajistar gwajin ƙararrawa, yaushe aka yi atisayen fita na ƙarshe. Babu ko ɗaya da na iya nunawa in banda rasit ɗin tukwane. Bai ce komai ba ya rubuta kawai, muka tashi muka fara zagaye.

Kafin mu shiga ɗakin injina ya tsaya yace in riƙe abu uku a kaina, wuta ba ta tashi sai an haɗa zafi da abin ci da iska. Iska kam tana ko'ina ba yadda za mu yi da ita, saura biyu, duk inda muka ga abin da ke fidda zafi mu waiga mu ga me ke kusa da shi da zai iya ci. Shikenan aikin, inji shi. Kuma gaskiya da na fara kallon wurin da wannan idon sai naga kamar yau na fara shiga.

A ƙaramin ɗakin da ma'aikata ke hutawa akwai ekstenshan guda ɗaya, an jona masa wani ekstenshan ɗin, a jiki akwai butar lantarki da ƙaramin firij da hita da cajojin waya. Ya juya bayansa ya nuna min an rubuta amp 13, yace wannan wajen wat 3000 kenan iyakarsa, sai ya ɗaga butar a gindinta an rubuta 2200, hita kuma 2000, yace haɗa min. Na haɗa, ya wuce tun kafin a saka firij. Ya zare filogin ya nuna min gefen ramin soket ɗin ya yi ruwan ƙasa ya ɗan narke, kuma kullum ina shiga ɗakin nan ban taɓa sunkuyawa na gani ba. A ɗakin injina kuma akwai doguwar wayar nan ta nadi da muke jona injin liƙa roba, ba mu taɓa warware ta duka ba, yace in tana naɗe zafin ba ya samun hanyar fita, ya sa na taɓa tsakiyarta, da ɗumi sosai.

Sai wurin wanke injin. Galan ɗin tina da sauran sinadaran wanki suna ajiye a ƙasa buɗe-buɗe, wasu ma ba murfi, tsummokaran da aka goge tawada da su an tara a kwali a lungu. Anan ya ɗan daɗe yana bayani, yace tururin irin waɗannan sinadaran ya fi iska nauyi, ba sama yake yi ba ƙasa yake kwanciya yana bin daɓe har ya tarar da tartsatsi a wani wuri da ba ka zata ba, sannan wutar ta biyo shi ta dawo kan galan. Tsummokaran kuma, musamman masu irin man da ke bushewa a iska wanda ake samu a wasu tawadoji da fenti, in aka cusa su wuri ɗaya suna iya ɗaukar zafi da kansu har su kama ba tare da kowa ya kusance su da ashana ba. Yace a samo bokitin ƙarfe mai murfi a riƙa zubawa a fitar da shi waje duk yamma, sinadaran kuma a bar na aikin yini ɗaya kawai a kusa, sauran su tafi cikin kabad na ƙarfe a rufe. A waje ma ya nuna min manyan kwandunan shara cike da yankakkiyar takarda a jingine da bango daidai ƙarƙashin taga, yace ko guntun sigari ko wani mai mugun nufi da dare, wutar ta taga za ta shigo, a janye su nesa da ginin.

Da muka zo maganar mutane na amsa da sauri nace mu ashirin da uku ne. Yace da ƙarfe nawa? Na tsaya. Yace wa ke fara shigowa da safe, nace masu shara mata biyu, tun kafin kowa ya zo, kuma ta ƙofar gaba kawai suka sani. Wa ke ƙarshen fita, nace ɗaliban kwamfuta, wani lokacin su kai talatin a sama har ƙarfe tara na dare bayan mu duk mun tashi, daga su sai malaminsu sai maigadi a bakin get. Kwastomomi fa, 'yan kwangila masu zuwa gyaran injin fa, akwai wanda ba ya ji, ko ba ya gani sosai, ko ba ya iya sauka bene da sauri? A nan jikina ya yi sanyi, domin mai aiki a injin yanka kurma ne, shekara huɗu muna tare, mutumin kirki ƙwararre a aikinsa, kuma injin nasa yana can ƙurya yana bai wa kowa baya. Ƙararrawarmu ta sauti ce kawai. Ko sau ɗaya ban taɓa tambayar kaina ta yaya zai san an buga ta ba. Akwai kuma wata ɗaliba a sama da ke tafiya da sanda, da wata ma'aikaciyarmu mai tsohon ciki. Yace kowane ɗayansu sai an zauna da shi an rubuta masa nasa tsarin fita, wa zai taɓa kafaɗarsa, wa zai riƙe ta a bene, in wannan ɗin bai zo aiki ba wa zai maye gurbinsa, kuma a tambaye su da kansu me suke buƙata kar a yanke musu a bayan idonsu.

Daga nan muka nufi ƙofar baya, kuma wannan ita ce ta fi tsaya min har yau.

Shekara biyu kafin nan an yi ta ɗauke mana kaya ta ƙofar bayan sito, rim-rim na takarda, tawada, har da wata kwamfuta. Ni da kaina na sa aka yi mata sakata biyu aka saka babban kwado, makullin kuma na bai wa maigadi, satar ta tsaya, maigida ya yaba min. A saman ƙofar kuma har lokacin koren allon nan mai hoton mutum yana gudu yana nan. Dattijon ya tsaya gabanta ya kalli allon ya kalli kwadon, sai ya ciro wayarsa ya kunna agogo yace Manaja, wuta ta tare ƙofar gaba, buɗe min wannan. Na leƙa na ƙwala wa maigadi kira, ba ya kusa ya zagaya, aka tafi nemansa, ya zo da tarin makullai yana gwadawa ɗaya bayan ɗaya, kwadon ya yi tsatsa sai da aka bubbuga, sannan da ƙofar ta buɗe rabi kawai ta yi saboda an jingine tsofaffin falankan katako ta waje. Ya nuna min agogon, minti huɗu da daƙiƙa goma, da rana tsaka, ba hayaƙi, ba wanda ke ihu.

Na yi ƙoƙarin kare kaina, nace Malam ai ba don mugunta na rufe ba, sata ake mana. Yace na sani ɗana, kusan duk wanda ya taɓa kulle irin wannan ƙofar dalilinsa kenan. Sai ya bani labarin masana'antar ɗinkin riguna ta Triangle a birnin New York na Amurka, ranar 25 ga Maris 1911, wuta ta tashi a hawa na takwas ta haura na tara da na goma, mutum 146 suka mutu yawancinsu 'yan mata ne baƙi da suka yi ƙaura zuwa ƙasar, kuma ɗaya daga cikin ƙofofin fita a kulle take saboda masu wurin suna tsoron a saci kaya. Yace bayan shekara ɗari da ɗaya, a watan Satumba 2012, a wata masana'antar tufafi a Karachi ta Pakistan sama da mutum 250 suka mutu, ƙofofi a rufe tagogi da ƙarafuna. Ban sake cewa komai ba. Tunanin da ya zo min shi ne ɗaliban nan talatin da ƙarfe takwas na dare, da maigadi yana can bakin get da makulli a aljihu. Yace ƙa'idar mai sauƙi ce, duk ƙofar fita dole wanda ke ciki ya iya buɗe ta nan take da hannu ɗaya ba tare da makulli ba muddin akwai mutum a ginin, kuma akwai ƙarfen turawa da ake sakawa wanda daga waje ba ya buɗuwa amma daga ciki da ka jingina da shi ta tafi, in satar ce damuwar a haɗa masa 'yar ƙararrawa da za ta yi ƙara duk lokacin da aka buɗe. A ranar, kafin ya bar ginin, sai da aka cire kwadon nan aka kwashe falankan, yace wannan ba zai jira rahoto ba.

Benen ma nasa daban. Matakala ɗaya ce tak ke zuwa sama, kuma a ƙarƙashinta muke tara kwalayen takarda saboda sito ya cika, a gefen kwalayen kuma wani yaronmu ke jona batirin kekensa na lantarki yana caji kullum. Dattijon yace irin waɗannan batiran na litiyam in suka lalace ko aka yi musu caji da cajar da ba tasu ba suna iya kamawa farat ɗaya da tsananin zafi da hayaƙi mai guba, kuma wuyar kashewa gare su, toh ga shi an ajiye shi a gindin hanya ɗaya tilo da mutanen sama ke da ita, kusa da tarin takarda. Tsakanin ɗakin injina da matakalar akwai wata ƙofa mai nauyi wadda kullum muke tokare ta da guntun katako saboda zafi da kuma masu wucewa da kaya. Ya nuna min wata 'yar alama a saman ƙyauren an rubuta FD30, yace wannan an ƙera ta ne ta riƙe wuta minti talatin in tana rufe, ya nuna min wani siririn layi a gefenta da ke kumbura in ya ji zafi ya toshe kafar, da burushin da ke tare hayaƙi, yace tazarar ƙyaure da firam bai kamata ta wuce wajen milimita uku zuwa huɗu ba. Tamu an cire mata ƙarfen da ke mayar da ita ta rufe kanta, saboda wai tana bugun mutane. Yace abin da mutane ba su gane ba shi ne yawancin waɗanda gobara ke kashewa a cikin gini hayaƙi ne ke fara kayar da su tun harshen wutar bai iso ba, hayaƙi sama yake yi kuma matakala a wajensa kamar bututu ce, in ƙofar nan tana buɗe cikin ɗan lokaci benen zai cika ba mai iya ganin tafin hannunsa. Ya hau kujera ya ɗaga allon silin ɗaya ya haska tocila, ga wani rami a bangon da masu saka wayar intanet suka fasa suka wuce da wayoyinsu suka bar shi haka, yace ko ƙofar na rufe ta nan hayaƙin zai bi, sai an toshe da abin toshewa na musamman mai jure wuta, ba soso ko kumfar gwangwani ta kasuwa ba.

Ya ja tef ya auna daga kujerar ƙarshe a ɗakin kwamfuta zuwa bakin matakala. Yace a jagorar da ake amfani da ita a Ingila ta ofisoshi da shaguna, in hanya ɗaya ce kawai ake da ita tafiyar kar ta wuce wajen mita 18 a wuri mai matsakaicin haɗari, in akwai hanya fiye da ɗaya ana iya kaiwa mita 45, kuma ɗakin da zai ɗauki sama da mutum 60 yana buƙatar ƙofa biyu masu buɗewa ta inda ake gudu. Namu ya tsallake da ƙyar, amma da sharaɗin matakalar ta zama a tsare, ba kaya a ƙarƙashinta kuma ƙofofinta suna rufe. Ya kashe babban makunnin wuta dan ya ga fitilun gaggawa, cikin biyar biyu ne suka kama. Ya sa aka buga ƙararrawa injina suna aiki, wanda ke kan injin tsakiya sai da aka taɓa shi, bai ji ba, kuma shi lafiyar kunnensa ƙalau.

Sai a ƙarshe muka zo kan tukwanen nawa. Duk suna da kyau ba wadda ta wuce lokaci, amma ya tambayi ma'aikata uku wacce za su ɗauka in allon wutar lantarki ya kama, biyu suka nuna ta ruwa. Ya tara su ya nuna musu launin da ke jikin kowacce, ja ruwa ne na takarda da katako, mai ruwan madara kumfa ce, baƙi iskar CO2 ce ta kayan lantarki, shuɗi hoda ce wadda ke kashe kusan komai amma a cikin ɗaki tana rufe ido ta shaƙe mutum ta kuma lalata injina, rawaya ta man girki ce mu ba ma buƙatarta. Yace ƙaramar ta CO2 kusan daƙiƙa goma take yi ta ƙare, kar a riƙe bakinta da hannu saboda sanyinsa yana ƙona fata, a cire fil, a saita gindin wutar, a matsa, a riƙa kaɗawa hagu da dama, kuma kullum ƙofa ta zama a bayanka. In wutar ta wuce girman kwandon shara ko tukunya ɗaya ta ƙare ba ta mutu ba, a ajiye a rufo ƙofa a fita. Ya maimaita sau biyu cewa farko a buga ƙararrawa a kira 'yan kwana-kwana, kar wani ya ce bari in gwada tukuna.

Bayan kwana takwas rahoton ya iso, shafi ashirin da wani abu da hotuna, a ƙarshe akwai jadawalin gyare-gyare talatin da ɗaya, kowanne da matsayinsa, na yau-yau, na cikin wata ɗaya, na cikin wata uku, da gurbin sunan wanda zai yi da ranar da aka gama. Abin da ya bani mamaki shi ne da na zauna na ware su, sama da rabi ba sa buƙatar ko sisi, kwashe kwalaye, janye shara, cire katakon tokare ƙofa, mayar da cajin batiri wata rumfa a waje, warware waya. Waɗannan cikin kwana uku muka gama. Masu cin kuɗin su ne duba wayarin gaba ɗaya da ƙara soket a bango, ƙarfen turawa, gyaran ƙofofin wuta, fitilun gaggawa, ƙarin na'urorin jin hayaƙi a sito da matakala, da fitila mai walƙiya a ɗakin injina wadda ke kamawa tare da ƙararrawa. Maigida da ya ga lissafin yace a yi na inshora kawai a bar sauran, nace ranka ya daɗe dan Allah ka zo da kanka da ƙarfe takwas na dare ka hau sama. Ya zo, ya tsaya a bakin ɗakin yana kallon yaran nan kowa ya duƙufa kan kwamfuta, na nuna masa matakalar nace ita kenan, na nuna masa hoton soket ɗin da ya narke. Bai yi doguwar magana ba yace a fara da wayarin da ƙofofi, sauran a raba wata-wata. Mai gyaran wutar da ya zo ya tarar da wurare biyu da aka ƙulla waya da salatif a cikin silin, ɗaya har ta yi baƙi.

Da abokin aikinmu kurma kuwa, mun zauna da shi da takarda da biro, ashe shi ya daɗe da tunanin abin, ya rubuta min cewa duk lokacin da ya ga mutane sun motsa da sauri gabansa faɗuwa yake saboda bai san me ke faruwa ba. Shi ya zaɓi inda za a saka fitilar mai walƙiya yadda zai ganta ko ya juya baya, muka juya teburin injin ya fuskanci ɗakin, muka sa mutum biyu da za su riƙa tabbatar ya fito.

Atisayen farko ba mu faɗa wa kowa ranar ba. Na buga ƙararrawa da ƙarfe sha ɗaya na tsaya da agogo, na kuma sa mutum ya tare ƙofar gaba yana cewa nan wuta ce. Wasu suka zauna suna kallon juna suna jiran wani ya fara tashi, ɗaya ya koma ɗauko jakarsa, mutum shida suka taru a ƙofar gaban da aka tare suna gardama duk da sabuwar ƙofar baya tana nan a buɗe, saboda ƙafa inda ta saba nan take nufa. A wurin taruwa muka ƙirga aka rasa mutum ɗaya, ashe yana banɗaki, kuma ba wanda ya tuna da wani baƙo da ke jiran kayansa a ofis. Minti biyar da rabi. Muka zauna muka tattauna ba tare da an zargi kowa ba, aka naɗa mutum biyu a ƙasa ɗaya a sama masu leƙa kowane ɗaki har banɗaki kafin su fito, aka ajiye littafin baƙi a ƙofa wanda za a fita da shi a ƙirga. Bayan wata biyu muka sake, minti biyu da daƙiƙa ashirin. Na ɗaliban yamma daban muka yi da malaminsu, da duhu, aka kashe fitilu, ɗalibar nan mai sanda ita da ƙawarta suka sauko a ƙarshe kamar yadda ita ta zaɓa dan kar a ture ta.

Yanzu akwai rajista a teburina, duk ranar Litinin da ƙarfe goma ana gwada ƙararrawa daga maɓalli daban, duk farkon wata fitilun gaggawa, ina zagaya ƙofofi da yamma kafin in tashi. Abin da ya fi wuya shi ne hana tsohon hali dawowa, sau uku ina tsintar guntun katako a gindin ƙofar nan, sai da muka saka mata maganaɗisun da ke riƙe ta a buɗe ya sake ta da kansa in ƙararrawa ta buga sannan aka huta. Kwalaye ma duk lokacin da aiki ya yi yawa sai ka ga an fara lallaɓowa da su ƙarƙashin bene, na sa an zana jan layi a daɓen wurin.

Cikin talatin da ɗaya saura biyu ba a yi ba. Ɗaya toshe sauran ramukan cikin silin na ɓangaren sito, mai aikin ya ce sai sati mai zuwa. Ɗayan kuma matakala ta biyu ta ƙarfe daga ɗakin kwamfuta zuwa waje, wadda dattijon ya rubuta a matsayin shawara in ana son ƙara yawan ɗalibai, maigida yace sai baɗi, dan haka mun rubuta a yarjejeniyar haya cewa kar a wuce mutum talatin a sama kuma ina hawa ina ƙirgawa lokaci-lokaci. Wata mai zuwa za a kawo sabon injin bugu da zai sa a matsar da injin yanka a canza hanyar wucewa a ɗakin, na riga na kira dattijon ya zo ya duba zanen kafin a sauke shi daga mota.